Super Eagles: Taurari Sun Ƙaru, Amma Me Ya Nesanta Ta da Mutanen Gida?

A daren 16 ga Nuwamba, 2025, a birnin Rabat, Chancel Mbemba na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya buga fenaretin da ya raba gardama. An tashi kunnen doki 1-1 har bayan ƙarin lokaci, Kwango ta yi nasara da ci 4-3 a bugun daga kai sai mai tsaron gida, Najeriya kuma ta rasa gurbin zuwa Kofin Duniya karo na biyu a jere. Tun 1994 da ta fara halartar gasar hakan bai taɓa faruwa ba. Abin da ya ƙara wa mutane takaici shi ne an faɗaɗa gasar ta 2026 zuwa ƙasashe 48, an ba Afirka gurbi tara kai tsaye, har Cape Verde da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba ta samu shiga.

Washegari musu ya kaure a teburan masu shayi da majalisu da shirye-shiryen wasanni na rediyo. Wasu na cewa ƙungiyar ba ta taɓa tara gwanaye irin na yau ba, shugabanci ne kawai ya kayar da ita. Wasu na cewa ai tun da su Okocha suka rataye takalma ƙwallo ta ƙare a Najeriya. Akwai kuma kashi na uku, wanda ya fi kamata hukuma ta damu da shi: matasan da suka ɗaga kafaɗa, suka koma lissafin wasan da Arsenal ko Real Madrid za ta buga a ƙarshen mako.

Kowa da ma'auninsa

Masu cewa an ci gaba suna da hujja. Victor Osimhen ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2023, shekarar da ya ci wa Napoli ƙwallo 26 ta lashe gasar Italiya. Ademola Lookman ya gaje shi a 2024, bayan ya zura uku rigis a ragar Bayer Leverkusen a wasan ƙarshe na kofin Europa. A Fabrairun 2024 Super Eagles ta kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan, inda mai masaukin baƙi Kwaddibuwa ta doke ta da ci 2-1, a Janairun 2026 kuma ta zo ta uku a Maroko. Ƙasar da ke yin haka ba za a ce ta mutu ba.

Masu cewa an koma baya su ma ba da ka suke magana ba. A 1994 Najeriya ta ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya, ta hau matsayi na biyar a jerin FIFA, ta lallasa Bulgeriya 3-0 a wasanta na farko a Kofin Duniya na Amurka. Bayan shekara biyu ta doke Brazil 4-3 da Ajantina 3-2, ta ɗauko zinaren Olamfik a Atlanta. Rabon ta da Kofin Afirka tun 2013. Ba ta je gasar ba ma a 2015 da 2017. A neman gurbin 2026 kuwa, maki uku kacal ta samu a wasanni huɗun farko: canjaras da Lesotho a Uyo, canjaras da Zimbabuwe, canjaras da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke ta 2-1.

Ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na farko yana duba bajintar ɗaiɗaikun 'yan wasa, wadda akasari ƙungiyoyin Turai ke cin moriyarta. Na biyu yana duba abin da ƙungiyar ta kawo gida. Shi ya sa musun ba ya ƙarewa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce dalilin da ya sa ƙungiya mai irin waɗannan taurari take ƙara nisa da zukatan mutanen da take wakilta.

Ƙungiyar da ba a gani ido da ido

Dalili na farko shi ne rashin ziyara. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma Super Eagles ta daɗe ba ta taka yawancin garuruwan ƙasar ba. A Yunin 2005 ta kara da Angola a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, aka tashi 1-1, sakamakon da ya taimaka wajen hana ta zuwa Kofin Duniya na Jamus a 2006. A Maris ɗin 2016 ta karɓi baƙuncin Masar a filin Ahmadu Bello na Kaduna. An buɗe ƙofa kyauta, jama'a suka yi cincirindo fiye da abin da filin zai iya ɗauka nesa ba kusa ba, har wasu suka ɗare kan turakun fitilu da allon maki. Hatsari ne babba da Allah ya kiyaye, amma ya nuna irin ƙishin da ake da shi.

Daga nan manyan wasanni suka koma Uyo da Asaba da birnin Benin da Legas da Abuja, daga bisani kusan duk suka tare a Uyo, domin filin Godswill Akpabio ne ya cika sharuɗɗan hukumar CAF. Ga mai son ƙwallo a Sakkwato ko Maiduguri, zuwa Uyo tafiya ce ta yini cur, wani lokaci har da kwana a hanya, ga tsadar mota tun bayan cire tallafin fetur a 2023, ga fargabar tsaro. Matsalar ba ta Arewa kaɗai ba ce. Babban filin wasa na Surulere a Legas, inda aka ɗaga Kofin Afirka na 1980 a gaban Shugaba Shehu Shagari, ya shafe shekaru a lalace.

Abin da ya faru a Garuwa ta Kamaru a Janairun 2022 ya isa darasi. A can Najeriya ta buga wasanninta na Kofin Afirka, a garin da ba shi da nisa da iyakar Adamawa, inda ake jin Fulatanci da Hausa a kasuwa. Mutane suka tsallaka iyaka, mutanen gari suka mara musu baya, filin ya zama tamkar gida. Duk lokacin da aka kawo ƙungiyar kusa da jama'a, sukan fito.

'Yan wasan da ba a san tasowarsu ba

Dalili na biyu shi ne yadda ake haɗa ƙungiyar. Taurarin shekarun 1990 a gida aka fara sanin su. Garin Kaduna kaɗai ya fitar da Rashidi Yekini da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Mutumin da ya ga Amokachi yana yaro a Ranchers Bees, idan ya gan shi a Kofin Duniya, ɗan unguwarsu yake gani. A 2013 ma Stephen Keshi ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan gasar cikin gida da dama, kuma ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso ƙwallon da ta ba da kofi.

Farin jinin Ahmed Musa daga nan ya samo asali. Kano ta san shi tun yana cin ƙwallaye a Pillars, kafin ya zura biyu a ragar Ajantina a 2014 da biyu a ragar Iceland a 2018, kuma da ya gama yawonsa a waje, Pillars ɗin ya koma.

A 'yan shekarun nan da dama daga cikin ginshiƙan ƙungiyar a Turai suka tashi: Lookman da Ola Aina da Alex Iwobi da Calvin Bassey a Ingila, William Troost-Ekong a Holan. Waɗanda aka haifa a gida ma galibi daga makarantun horar da yara suke wucewa ƙetare ba tare da sun yi suna a gasar Najeriya ba. Alhassan Yusuf ɗan Kano ne, amma masu kallo da yawa a Kano sai a Kofin Afirka na Kwaddibuwa suka fara ganin wasansa da kyau.

A nan ne ake yawan jin zargin cewa 'yan ƙetare ba su da kishi. Zargin bai da tushe mai ƙarfi. Troost-Ekong ne aka zaɓa gwarzon gasar Kwaddibuwa, kuma shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta a wasan ƙarshe. Maroko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Ƙatar a 2022 ita ma cike take da haifaffun Turai irin su Achraf Hakimi da Hakim Ziyech. Bambancin shi ne Maroko ta haɗa su da yaran da ta raina a makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida, ta gina filaye, ta ƙarfafa ƙungiyoyinta na gida. Najeriya ta ɗauko na waje, ta bar na gida a baya.

Gidan kallo da hukumar ƙwallo

Dalili na uku yana cikin gidan kallo. Tun lokacin da tauraron ɗan'adam ya kawo gasar Firimiya da ta Sifaniya lungu-lungu, matashi yana ganin ƙungiyarsa ta Turai sau ɗaya ko sau biyu a mako, wata tara a jere. Ya san kocinta, ya san wanda ya ji rauni, ya san kuɗin da aka sayi kowa. Super Eagles kuwa sai an yi hutun wasannin ƙasa da ƙasa. Su 'yan Najeriya ne ma suka buɗe ƙofar: zuwan Nwankwo Kanu Arsenal a 1999 da zaman Mikel Obi a Chelsea sun jawo wa ƙungiyoyin biyu ɗimbin magoya baya, 'yan wasan suka tafi, soyayyar ta zauna.

Sai dai talabijin ba ta kashe son ƙwallon gida ba. Kano Pillars, wadda ta lashe gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, har yanzu tana tara jama'a, ana kirarin Sai Masu Gida. Wanda ya kalli Barcelona ranar Asabar shi ne a filin Sani Abacha ranar Lahadi. Ke nan zuciya ɗaya tana iya ɗaukar biyu, muddin ana kawo mata abin kallo.

Dalili na huɗu, wanda duk ɓangarorin musun suka yi ittifaƙi a kansa, shi ne yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ke tafiyar da al'amura. Daga Disambar 2021 da aka sallami Gernot Rohr zuwa Janairun 2025, ƙungiyar ta ga Augustine Eguavoen, da José Peseiro, da Finidi George wanda bai wuce 'yan watanni ba, da sanarwar ɗaukar Bruno Labbadia da ta wargaje tun kafin ya kama aiki, da Eguavoen kuma, sannan Eric Chelle ɗan Mali. A tsakiyar wannan canje-canjen aka zubar da makin da ya hana zuwa Kofin Duniya, kuma Rohr ɗin da aka kora shi ne kocin Benin da ta doke Najeriya. Rikicin alawus ma ya zama ruwan dare: 'yan wasa sun ƙaurace wa atisaye kafin karawa da Faransa a 2014, sun sake yin haka a Rabat kwana biyu kafin wasan Gabon a 2025. Talakan da ke bin gwamnati bashin albashi ko fansho ya san wannan labarin sarai, kuma yana rage masa yarda da duk wata tafiya da hukuma ke jagoranta.

Abin da nisan ya haifar

Sakamakon farko shi ne goyon baya ya zama na kaka, kamar kasuwar ragunan Layya: ta cika maƙil na 'yan makonni, sannan ta watse. A gasar Kwaddibuwa an ga yadda ƙasar ta haɗu a daren da aka fitar da Afirka ta Kudu a bugun fenareti, an yi ta murna daga Kano zuwa Fatakwal ba a tambayar addini ko ƙabilar mai tsaron gida Stanley Nwabali. Bayan wata huɗu, ana ta asarar maki a neman gurbin Kofin Duniya, zazzafar sha'awar ta riga ta huce.

Na biyu shi ne soyayyar da ba ta da sanayya saurin juyewa take yi ta zama zagi. Sani Kaita ya sha barazana bayan jan katin da aka ba shi a wasan Girka a 2010. Mai tsaron gida Maduka Okoye ya sha cin mutunci bayan ƙwallon da Tunisiya ta zura masa a Garuwa. A Maris ɗin 2022, da Ghana ta fitar da Najeriya a Abuja, 'yan kallo suka kutsa fili suka yi ɓarna. Iwobi kuwa sai da ya goge hotunansa a Instagram bayan wasan ƙarshe na Abidjan, har Ahmed Musa ya fito yana roƙon a daina. Irin wannan na iya sa yaron da ke da zaɓi tsakanin Najeriya da wata ƙasa ya sake tunani.

Na uku ya shafi masu tasowa. Yaron da aka haifa a 2010 yana da shekara takwas lokacin da Najeriya ta buga Kofin Duniya na ƙarshe a Rasha, kuma zai cika ashirin a shekarar gasar 2030. Duk shekarun da ake ƙulla soyayyar ƙwallo za su wuce masa ba tare da ya ga ƙasarsa a babban fage ba. Ƙasar da ta lashe kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, ciki har da na 2013 a hannun Manu Garba, ba ƙarancin yara masu baiwa ke damun ta ba. Hanyar da za su bi daga filin unguwa zuwa rigar ƙasa, a gaban idon mutanensu, ita ce ta toshe.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne, kuma yawancinsa ba ya hannun koci. Gwamnatoci ne ke da filayen Kano da Kaduna da Bauchi, su ne za su iya kai su matsayin da CAF za ta amince, ta yadda wasannin neman gurbin Kofin Afirka da na Kofin Duniya na 2030 za su zagaya sassan ƙasar. NFF ce za ta iya biyan alawus kafin a shiga sansani, ta bar koci ya yi shekaru yana gina ƙungiya, ta kuma tabbatar ana nuna gasar cikin gida a talabijin a kai a kai, domin ɗan wasan Pillars ko Enyimba ko El-Kanemi da ya cancanci gayyata ya kasance jama'a sun riga sun san shi kafin a kira sunansa.