Firintar da Ke Mantuwa Idan an Ɗauke Wuta

Tun da muka sauke Windows daga babbar kwamfutar shagon ƙanena muka ɗora Linux Mint, komai ke tafiya daidai in ban da firinta. Ƙaramar leza ce, tsohuwa amma mai ƙwari. Yau ta buga shafi hamsin ba gargada, gobe ta yi gum: koriyar fitilarta na ci, kwamfuta ta ce an aika aiki, takarda kuwa ko motsi. Ga ɗalibai tsaye da filashi a hannu suna jira, abin ya dame ni ƙwarai.

Wayar da ke haɗa ta da kwamfuta na fara zargi. Na sauya ta, na buga umarnin lsusb, sai ga sunan firintar ɓaro-ɓaro. Ashe kwamfuta na ganinta. Na leƙa CUPS, manhajar da ke kula da bugu a Linux tun 1999, wadda ake shiga ta burauza da localhost:631. Nan ma kowane aiki an rubuta masa cewa ya kammala. To ina takardun suka maƙale?

Bakin zaren a bakin ƙanena ya fito, yana cikin haɗa takardu da sitefila. “Yaya, ai duk ranar da ta ƙi, in na jona ta da laftof ɗina mai Windows na buga shafi ɗaya, sai ta warke.” Na ce ta warke har zuwa yaushe? Ya yi shiru, can ya ce, “Har a ɗauke wuta, ko mu tashi.”

Muka gwada nan take. Daga laftof muka dawo da ita kan Linux ba tare da mun kashe ta ba, ta buga. Muka kashe muka kunna, ta koma gidan jiya.

Wato akwai abin da Windows ke ba ta, wanda ke gushewa da zarar wuta ta yanke. Irin waɗannan firintoci masu araha ba sa riƙe cikakkiyar manhajar cikinsu, wadda masu gyara ke kira famwaya. Kwamfuta ce ke ɗura musu ita ta waya duk sanda aka kunna su. Direban Windows na yin haka a ɓoye. Linux kuwa bai zo da fayil ɗin ba, domin mallakar kamfani ne, lasisinsa bai bari a raba shi haka nan ba.

Direban Linux na irin waɗannan firintoci, foo2zjs, da ma yana kan kwamfutar. Na buga umarninsa na getweb haɗe da lambar samfurin firintar, ya sauko da fayil ɗin. Sai na zare soket, na ƙirga goma, na mayar. Ta yi gurnaninta na tashi, ta yi tsit, sannan fitilar lemo ta yi ta ƙiftawa, injin ya sake juyawa karo na biyu. Ƙanena ya aika takardar wata ɗaliba, shafi 12, suka fito da ɗuminsu.