Daga Suleja zuwa gaɓar teku: Yadda iska ke zaɓa wa baƙo masauki

Da sanyin safiyar watan Janairu, wanda ya fito daga unguwar Wambai a garin Suleja ya nufi Madalla ba zai hango Dutsen Zuma ba sai ya matso kusa da shi. Hazo ya lulluɓe sararin sama, 'yan acaɓa sun ɗaure hanci da ƙyalle, leɓɓa sun tsage, mai shayi kuma ba ya samun sararin zama saboda ciniki. A wannan lokaci na hunturu, kaɗan ne a garin ke yi wa iska kallon arziki.

Sai dai wannan iska ta arewa maso gabas, wadda ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba a Nijeriya take tsayawa ba. Takan zarce har cikin Tekun Atlantika, inda ƙurarta kan kai tsibiran Cape Verde, kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal, wani lokaci har ta hana jiragen sama sauka. A can, iskar wannan kaka ita ce ke cika otal-otal da baƙi daga watan Nuwamba zuwa wajen Afrilu. Abin da ke kawo su shi ne wasan zamiya a kan ruwa da laimar iska, wanda Turawa ke kira kitesurfing.

Daga Suleja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe bai fi tafiyar sa'a guda ba idan hanya ta yi kyau, kuma tafiya hutu bakin teku ta daina zama baƙon abu ga wasu ma'aikata da 'yan kasuwa na yankin Abuja. Amma tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kowace dala da za a biya otal ta ƙara nauyi. Wanda ya yi shekara yana tara kuɗin hutun mako guda ba shi da damar yin kuskure, kuma a wannan wasa kuskuren da ya fi tsada shi ne na zaɓen masauki.

Wasan da ba ya yiwuwa sai da yardar iska

Mai wasan kan tsaya a kan wani ɗan allo da ke maƙale a ƙafafunsa, ya ɗaura ɗamara a ƙugu, wadda ke haɗe da wata babbar laima ta igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 25. Laimar tana can sama, iska na jan ta, shi kuma yana sarrafa ta da sanda a hannu. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka yi rajistar laimar da ake hura wa iska a 1984, abin da ya sa idan ta faɗa ruwa ba ta nutsewa. Shekara 40 bayan haka, a gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, wasan ya shiga jerin waɗanda ake ba wa lambar zinare, aka gudanar da shi a gaɓar Marseille.

Babu inji a cikin wannan harka. Idan iska ba ta kai gudun kusan kilomita 20 a sa'a ba, mai koyo zai wuni yana kallon laimarsa a kan yashi. Idan ta yi ƙarfi fiye da kima, tana iya ɗaga mutum ta maka shi da ƙasa. Abin da ya fi ƙarfinta muhimmanci shi ne inda ta dosa. Iskar da ke zuwa daga teku a karkace zuwa tudu ita ce lafiyayya, domin ko igiya ta harɗe, za ta turo mutum bakin gaɓa. Wadda ke tasowa daga tudu ta nufi teku kuwa, ita ce ke jan wanda bai ƙware ba zuwa inda sai da kwalekwalen ceto za a dawo da shi.

Saboda haka hoton ɗaki mai kyau da tafkin wanka, wanda shi ne shafukan intanet ke fara nunawa, ba ya amsa tambayar farko: a wane gefen tsibiri ginin yake?

Tsibirin Sal: otal a yamma, makaranta a gabas

Sal ɗaya ne daga tsibirai 10 na Cape Verde, ƙasar da ta samu 'yanci daga Fotugal a 1975. Sunansa na nufin gishiri, kuma da haƙar gishiri aka san shi kafin zuwan masu yawon buɗe ido. Busasshen wuri ne da ruwan sama bai cika sauka ba, har ruwan famfo ma daga teku ake tace shi. Jirgi na sauka a filin Amilcar Cabral kusa da garin Espargos, daga nan a yi tafiyar ƙasa da kilomita 20 zuwa Santa Maria a kudancin tsibirin.

A nan zaɓi ya kasu gida biyu. Yawancin manyan otal-otal, waɗanda ake biyan kuɗin kwana da abinci a dunƙule, suna jere ne a gaɓar kudu maso yamma. A wannan gefe ne Ponta Preta take, wurin da igiyar ruwa ke tashi ta karye a kan duwatsu, inda ake shirya gasar duniya. 'Yan asalin tsibirin irin su Mitu Monteiro, wanda ya zama zakaran duniya a 2008, da Airton Cozzolino, a irin wannan ruwa suka yi suna. Amma iskar wurin daga tudu take fita zuwa teku, don haka ba wurin mai koyo ba ne ko kaɗan.

Makarantun koyo suna gefen gabas, a gaɓar da aka fi sani da Kite Beach, 'yan kilomitoci daga Santa Maria. Wurin fili ne na yashi, babu jerin otal-otal, kuma yanki ne da kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai tsakanin Yuni da Oktoba. Ma'ana, wanda ya sauka a ƙasaitaccen otal na yamma zai riƙa biyan kuɗin tasi zuwa da dawowa kullum, sannan ya bar abincin rana da ya riga ya biya. Wanda ya kama ɗaki ko ƙaramin gida mai kicin a cikin Santa Maria, musamman gabashin garin, ya fi kusa da makaranta, kuma kuɗinsa na shiga hannun masu shaguna da direbobin garin.

Kicin ɗin na da wani amfani ga Musulmi. Mafi yawan mutanen Cape Verde Kirista ne, kuma kacupa, faten masara da wake da ya zama abincin ƙasa, sau da yawa da naman alade ake yin sa. Akwai kifi a wadace, wanda masunta ke saukewa kowace safiya a Santa Maria, akwai kuma 'yan Senegal da Gini da ke sana'a a garin, waɗanda ta wurinsu baƙo zai san inda ake sallar Juma'a.

Cape Verde mamba ce a ƙungiyar ECOWAS, don haka mai fasfon Nijeriya ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara. Duk da haka jami'an shige da fice kan nemi ganin tikitin komawa, da shaidar kuɗin guzuri, da takardar masauki. Adireshin da ba a iya tabbatarwa na iya sa a mayar da mutum daga filin jirgi. Haka nan wanda zai yada zango a Lisbon ya sani cewa ƙasashen yankin Schengen na neman bizar wucewa daga 'yan Nijeriya, ko da ba za su fita daga filin jirgin ba.

Paje: inda wata ke tsara jadawali

Ga wanda ya fi son ƙasar da zai ji kiran salla daga ɗakinsa, Zanzibar ta fi kusa da zuciya. Kusan dukkan mazaunanta Musulmi ne, abincin halal ba abin nema ba ne, kuma daga Abuja ana iya zuwa ta Addis Ababa. Cibiyar wasan ita ce ƙauyen Paje a kudu maso gabashin tsibirin Unguja, kimanin kilomita 50 daga tsohon birnin Zanzibar.

Kakar iska biyu ce. Kusi na kaɗawa daga kudu tsakanin Yuni da Satumba, ita ce mafi ƙarfi da tabbas. Kaskazi na zuwa daga arewa maso gabas tsakanin Disamba da Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu damina ce babba, lokacin da kuɗin ɗaki ke faɗuwa warwas. Wanda ya bi wannan araha zai samu ɗaki mai kyau, ya rasa abin da ya kai shi.

Abin da ya sa masu koyo ke son Paje shi ne wani shingen murjani da ke can cikin teku, wanda ke tare manyan igiyoyi, ya bar fili mai faɗi na ruwa mara zurfi, mai ɗumi, da farin yashi a ƙasa. Amma wannan ruwa yana cika ya janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin na jinkirta da kusan minti 50 kullum. A farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, cika da janyewar sun fi tsanani: ruwa kan ja baya har ya bar yashi tsirara na nisa mai yawa, idan ya dawo kuma ya kai har gindin katangar wasu otal-otal, ya cinye filin da ake shimfiɗa igiyoyi. Mai bin lissafin wata yana da abin dubawa kafin ya tsayar da ranar tafiya.

Wannan ne ya sa kusanci ke da daraja a Paje. Sa'o'in da ruwa da iska ke dacewa kaɗan ne, kuma suna sauyawa. Wanda ɗakinsa ke tafiyar minti biyar daga makaranta zai iya fita da zarar malami ya kira. Wanda ya sauka a Nungwi ta arewacin tsibirin, inda manyan otal-otal suka fi yawa, zai shafe fiye da sa'a guda a mota kafin ya iso.

Sai dai tsakiyar gaɓar Paje ba ta rasa kiɗa da shagali cikin dare. Mai tafiya da iyali zai fi samun natsuwa a Jambiani ta kudu ko Bwejuu ta arewa, ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka da ita. A waɗannan wurare mata na noman ciyawar teku tun wajen 1989, suna kafa turaku da igiyoyi a cikin ruwa. Gonakinsu ne, kuma allon baƙo na iya lalata aikin makonni cikin daƙiƙa ɗaya. Makaranta ta gari takan nuna wa ɗalibi iyakarsa tun ranar farko.

Batun takardu ya fi na Cape Verde tsauri. Nijeriya da Nijar na cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, abin da kan ɗauki makonni. Hikima ita ce a kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 kuma, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta dala 44, ban da harajin kwana da otal ke karɓa a kan kowane mutum. Katin rigakafin shawara ma ba a barin sa a gida.

Tambayoyin da ake yi kafin a biya

Duk inda aka nufa, masu harkar sun fi ba da shawarar a fara zaɓen makaranta kafin ɗaki. A tambaya ko malamanta na da shaidar ƙungiyar IKO, wadda aka kafa a 2001 don tsara koyar da wasan, ko tana da kwalekwalen ceto, da kuma abin da zai faru da kuɗin darasi idan iska ta ƙi zuwa. Mai koyo kan buƙaci sa'o'i 9 zuwa 12 na darasi kafin ya fara tsayuwa a kan allo, kuma ba kowace rana ake samun iska ba, don haka hutun kwana uku bai isa ba. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne iya iyo. Wanda ya girma nesa da babban ruwa gara ya fara koyon wannan a Abuja kafin ya sayi tikiti.

Daga nan sai masauki: minti nawa ne a ƙafa zuwa inda ake tayar da laima, ko akwai wurin wanke kaya da ajiye su, ko akwai janareta da gidan sauro, musamman a Zanzibar, wadda wutar lantarkinta ta ƙarƙashin teku ake jawo ta daga babban yankin Tanzaniya. Mai iyali ya tambayi abin da matarsa da yara za su yi a sa'o'in da yake cikin ruwa, da nisan asibiti mafi kusa. A duba taswira da ido, domin kalmar "bakin teku" a talla tana iya nufin gaɓar da ba a wasan a cikinta sam. Kada kuma a tura kuɗi asusun wani mutum da aka haɗu da shi a Instagram ko WhatsApp ba tare da an tabbatar da ginin ta wata hanya dabam ba.

Hausawa na cewa iska na wahalar da mai kayan kara. A Sal da Paje, wanda take wahalarwa shi ne wanda ya biya kuɗin ɗaki kafin ya tambayi daga ina take kaɗawa, da kuma watan da take zuwa. Ga mutumin Suleja, lissafin bai da wuyar riƙewa: idan hazo ya rufe Dutsen Zuma, kaka ta kama a Sal da Paje baki ɗaya. Idan damina ta zauna, ruwan Gurara ya cika yana ruri, sai a bar Sal a fuskanci Zanzibar.