Girman Akurki da Lafiyar Kajin Gida

Akurki a yawancin gidajen Matankari da sauran garuruwan Arewa ɗan ɗaki ne na laka, gajere, mai ƙofa ɗaya da ake toshewa da dutse ko guntun kwano da magariba. Galibi ana gina shi lokacin da uwargida take da kaji huɗu ko biyar. Kafin shekara ta zagayo kajin sun ninka, an ƙara da zabbi, akurkin kuwa yana nan yadda yake. A nan asara take samo tushe.

Faɗin wurin da kaza ke buƙata ya danganta ne da tsawon lokacin da take yi a ciki. Kajin gida masu yini suna tono a tsakar gida da bayan gari, waɗanda kwana kawai ke kai su akurki, biyar ko shida sun isa a wuri mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi. Kaji 10 ke nan suna son akurki mai mita 2 a tsawo, mita 1 a faɗi. Idan kuwa a tsare za su yini, to kada su wuce uku a kowane murabba'in mita ɗaya na akurkin, sannan a kewaye musu fili a waje, kusan murabba'in mita 1 ga kowace kaza. Ko a Tarayyar Turai, inda zafi bai kai na Sahel ba, wata doka ta 1999 ta hana a tara kaji masu ƙwai fiye da 9 a murabba'in mita ɗaya a gidajen da ba na keji ba. Mai kiwo a garuruwan Arewa ya fi na Turai dalilin ragewa.

Dalilin farko zafi ne. Kaza ba ta gumi. Da haki da buɗe fukafukai take rage zafin jikinta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yankin Dogon Dutsi, bangon laka da rufin kwano suna riƙe zafin rana har dare ya yi nisa. Kajin da suka kwana a cunkushe cikin irin wannan ɗaki sukan rage ci, ƙwai ya ja baya, wasu a wayi gari sun mutu. Saboda haka akurki yana buƙatar inuwa da ƙananan tagogi a sama, a rufe su da waya don maciji da muzuru.

Na biyu cuta. Annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, wadda ta fi ɓarna da hunturu, ta numfashi da majina da kashi take yaɗuwa, kuma cunkoso ne ke ba ta hanyar gama akurki cikin kwanaki kaɗan. Murar tsuntsaye ma, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Magariya a 2006, haka take. Faɗin wuri ba ya maye gurbin rigakafi, amma yana rage saurin kamuwa. Akwai kuma kaskar kaji, mai ɓuya a tsagar bango da rana ta fito shan jini da dare. Akurkin da hannu da tsintsiya ba sa kaiwa ƙuryarsa ba ya taɓa rabuwa da ita, don haka ƙofar ta zama mai faɗin da za a iya shara, a yaɓe tsaga, a barbaɗa toka.

Kaji sun fi son kwana a sama. A gitta sanda a ciki, a ba kowace kaza wajen taƙi ɗaya, wato santimita 20, a kuma tanadi gurbin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Mai kwanci, wadda ke kwana 21 a kan ƙwanta ko kusan 28 idan na zabo aka sa mata, wuri daban take so, haka ma uwa da 'yan tsakinta, domin manya suna tattake su. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuwa a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Masu kiwo su ƙirga kajinsu, su auna akurkinsu tun kafin sanyi ya shigo. Idan wurin bai kai ba, a ƙara gini ko a sayar da rarar, sannan a tuntuɓi ma'aikacin kiwo na yankin don rigakafi.