Hantar Mai Wankin Ƙoda da Abin da Takardar Gwaji Ke Ɓoyewa

A Hong Kong, tun 1985, wanda ƙodarsa ta daina aiki akan fara masa da wankin ƙoda ta ciki ne, sai in da wani dalili na daban. Ba na'ura, ba zaryar asibiti sau uku a mako. Ana dasa masa siririn bututu kusa da cibiya, ya zuba ruwan magani kimanin lita 2, ya bar shi na wasu sa'o'i, sannan ya tsiyaye shi cikin leda, sau uku ko huɗu a rana. Tantanin da ya lulluɓe kayan ciki shi ke tace dattin jini. Masana biyu, Popovich da Moncrief, su ne suka fito da tsarin a Texas a 1976.

Sai dai ruwan ba datti kaɗai yake fita da shi ba. Kullum yana kwashe giram 5 zuwa 15 na furotin, galibinsa albumin, wanda hanta ke haɗawa. In tantanin ya kamu da ƙwayar cuta, ruwan ledar ya fito gurɓatacce, asarar sai ta ƙaru, hanta ta yi ta fafutukar cike giɓi. Binciken CANUSA na Kanada da Amurka, da ya fito a 1996, ya nuna cewa duk sa'ad da albumin ya yi ƙasa, haɗarin mutuwa yana hawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne gwajin ALT da AST, sinadaran da ke tashi a jini idan hanta ta ji rauni. A jikin masu wankin ƙoda dama ƙasa suke zama, har wasu masana na danganta hakan da ƙarancin bitamin B6. Mutum na iya ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C yana cin sa a hankali, takardarsa kuwa tana nuna lafiya lau. Shi ma ALP, wani sinadarin da ake aunawa a gwajin hanta, in ya hau, ba lallai daga hanta ba ne, sau da yawa ƙashi ne ke kuka.

Ga kuma sukarin da ke cikin ruwan wankin, wanda jiki ke tsotsewa kullum, yana iya tara wa hanta kitse.

Don haka likitan da ya ga ALT daidai ya rufe fayil ya yi gaggawa. Mai wankin ƙoda yana buƙatar gwajin ƙwayar cutar B da C kai tsaye, da allurar rigakafin B idan bai kamu ba.