Kada A Yar Da Ƙaramar Kwamfutar Ƙungiya

Ƙungiyar gama kai ba ta tsayawa sai da lissafi. Wanda ya karɓi taki bashi, wanda ya zuba buhun gero ko wake a sito, wanda ya biya kuɗin wata, duka sai an rubuta. In ƙungiyarku a Kaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi tana ajiye wannan lissafi cikin ƙaramar kwamfutar tebur ta hannu, irin su Dell OptiPlex ko HP ProDesk, to, wannan magana taku ce. Sa'ad da ta fara nauyi, akan ce ta tsufa, a sayi sabuwa. Mu kuwa muna cewa a dakata tukuna, gama sau da yawa abu biyu kaɗai take bukata.

Masussuka da rumbu

A cikin akwatin nan akwai ram, akwai kuma faifan ajiya. Ram kamar masussuka ce, wurin da ake baza aiki. In ta yi ƙanƙanta, sai a riƙa sussuka dami ɗaya ɗaya, rana ta faɗi ba a gama ba. Giga 4 ya yi kaɗan yanzu, giga 8 ya isa aikin magatakarda. Amma fa ram iri iri ce. OptiPlex 7010 da 9020 suna ɗaukar DDR3, 7050 da 7060 kuwa DDR4, kuma wata ba ta shiga ramin wata. Saboda haka a rubuta lambar kwamfutar, a cire tsohuwar ram a tafi da ita kasuwa.

Faifan ajiya shi ne rumbu. Tsohon iri yana juyawa kamar dutsen niƙa, yana da jinkiri, in ya sha jijjiga kuma yakan mutu da dukan abin da ke cikinsa. Sabon iri, wato SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. Na giga 256 ya wadatar. Kwamfutar da ake jira ta tashi har shayi ya huce, da shi sai ta tashi nan da nan. In kuɗi bai kai a sayi biyun ba, a fara da SSD.

Kafin a buɗe

Da fari a kwafe lissafin ƙungiya a filashi biyu, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin shugaba. Sa'an nan a zare waya daga wuta. A lokacin hunturu jiki yakan tara lantarki, irin wanda ke sa riga ta yi ƙas-ƙas, yana kuwa iya ƙona ram. Mai aikin ya taɓa ƙarfen akwatin tukuna, ya riƙe ram a gefe gefe. A hure ƙurar da ta toshe fanka, domin wurin a matse yake, zafin bazara kuma ba ya wasa. In kwanan wata yana rikicewa, ƙaramin batir ne mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, a sake shi. Rasit mai kwanan wata na ƙarya yakan jawo gardama tsakanin 'yan'uwa.

Kada a yarda wani ya cusa mata babban katin hoto. Akwatin siriri ne, abin da ke ba ta wuta kuma ƙarami ne, in ya ƙone samun irinsa da wuya. Gara a sa kuɗin a sitabilaiza.

Inda gyara ya tsaya

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 kuwa tana neman injin Intel na zubi na 8 ko sama. 7060 ta cika wannan sharaɗi, 7050 da na bayanta ba su cika ba, ƙarin ram kuma ba ya sake wannan. Irin waɗannan sai a bar su ga lissafi da buga takardu, kada a yi harkar banki da su. Ba su zama banza ba. Mun tuna watan Satumba 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara: abin da ke cikin akwatin ofis bai bukaci intanet ba kafin a karanta shi.

Tafiya Gusau ko Kano a wannan zamani ba abin da za a yi sau biyu ba ne saboda an sayo kayan da bai dace ba. A kawo maganar a taro, a amince da kuɗin, a karɓo rasit. A Kaura Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983. In kuna da ɗa ko 'ya da ke karatun kwamfuta can, ku kira su su yi aikin a gaban magatakarda, shi ma ya koya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.