Daga randa zuwa kaskon turare: Yadda sabon salo ke ceto ginin tukwane

A bayan takardar Naira 20 akwai hoton wata mata ta sunkuya tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, kuma tarihinta ya shafi tambayar da ke damun maginan tukwane a yau: me za a gina, kuma wa zai saya, tunda roba da kula da firij sun ƙwace kasuwar randa da tulu?

An haife ta a garin Kwali, ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun tana yarinya ta koyi gini da hannu, tana zana kunama da ƙadangare da kada da kifi a jikin randunanta. Aikinta ya yi suna har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ajiye wasu a fadarsa. A can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, sai ta shiga a 1954, ta zama mace ta farko a wurin.

A cibiyar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa wa tukunya sinadarin da ke sa ta ƙyalli kamar gilashi, da gashi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ta fara yin faranti da kwano da kofi. Amma ba ta yar da tsohon hannunta ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna yadda ta gada, da zanenta na ƙadangare, sai dai yanzu da sabon yumɓu da sabon gashi.

A nan ne abin lura yake. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na da ƙananan kafofi. Ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi, zafi na tafiya. Randar da aka shafe da ƙyalli ba ta tsattsafo, don haka ba ta sanyaya komai, ga nauyi. Ga matar ƙauye ba ta da wani amfani. Ga mai neman kayan ado a Landan kuwa dukiya ce, kuma a can aka baje kolin ayyukanta tun ƙarshen shekarun 1950. Wato sabuwar fasahar ta sauya mai sayen gaba ɗaya. Magini da ya koyi sabon salo bai tambayi kansa wa zai kai wa kayan ba, yana iya tara kaya masu kyau a rumfa suna shan ƙura.

Akwai wanda ya bi ta ɗaya hanyar. Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, bai taɓa yumɓun ko gashin ba. Tukunya biyu ya haɗa, ƙarama a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle. Wannan tsattsafowar dai ita ce ke sanyaya cikin, sai tumatir da gauta da alayyafo su daɗe ba su lalace ba a ƙauyen da babu lantarki. Maginan yankin ne suka riƙa gina tukwanen, kuma aikin ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ƙananan maginan yau galibi suna tsakanin waɗannan hanyoyi biyu. Tanderu irin na Suleja ya fi ƙarfin jarin yawancinsu, har yanzu da itace da kara da ciyawa ake gashi a fili. Amma da wannan gashin ana fitar da kaskon turaren wuta da ake yi wa fenti a sa a kayan ɗakin amarya, da tukwanen furanni da masu sayar da shuke-shuke a bakin titunan Abuja da Kaduna ke nema, da tandar masa, da asusu. Ƙaramin kaya yumɓu kaɗan yake ci, ba ya cika fashewa a mota, kuma yana kyau a hoto, abin da ke da muhimmanci yanzu da ake ciniki ta WhatsApp da Facebook.

Sai dai sabon mai saye yana zuwa da sharuɗɗansa. Dillalin da ya ba da odar tukwanen furanni 50 yana son su zo girma ɗaya, da huda a gindi don ruwa ya fita. Wannan na buƙatar awo da ma'auni, ga kuma lissafin tsukewar da yumɓu ke yi idan ya bushe. Magini da ya saba da ƙiyasin ido sai ya sake zama ɗalibi. Haka kuma dole kuɗin fenti da na mota da asarar waɗanda suka fashe su shiga farashi, in ba haka ba a yi ta ciniki riba ba ta zama a hannu.

Ladi Kwali, wadda ba ta yi karatun boko ba, ta samu digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1977. Ta rasu a Minna a 1984, kuma cibiyar Suleja da ta koyi gini a kan faifai tana ɗauke da sunanta.