Ungulu da Shirwa a Tsofaffin Birane

Ya kai ɗalibi, idan ka tsallaka gadar Binuwai daga Vinikilang zuwa Jimeta da hantsi, ɗaga kai ka dubi sama. Sau da yawa za ka ga shirwa tana shawagi. Za ka gane ta da jelarta mai rassa biyu. Kada ka ɗauka baƙuwa ce daga daji. Ita da ungulu tsofaffin 'yan birni ne.

Me ya kawo su cikin mutane? Abinci ne. Duk inda aka kafa gari, akwai kasuwa, akwai mahauta, akwai kuma juji. Haka abin yake a Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Haka yake a Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841. A lokacin babu motar kwasar shara. Idan jaki ya mutu, akan ja shi zuwa bayan gari, ungulaye su cinye mushen kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Ruwan cikin ungulu yana da ƙarfi ƙwarai, har yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Mutane suna ƙyamarta, amma aikin da take yi musu kyauta ya fi ƙarfin ƙyama.

Shirwa kuwa halinta dabam ne. Tana tsince guntun nama da ɓeraye, amma ba ta ƙin ɗan tsako, shi ya sa masu kaji ba sa ƙaunarta. A birnin Landan na Ingila ma, a zamanin da, an hana kashe wata irin shirwa saboda tana tsabtace tituna.

Hausawa sukan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Karin maganar ya nuna maka inda take sheƙa, wato kan manyan itatuwa. Yau an sare da yawansu, kuma ana kama ta ana sayarwa don haɗa magani. Ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, don haka ba ta saurin yaɗuwa. A 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Tambayi wani dattijo yawan ungulayen da yake gani a mayanka lokacin ƙuruciyarsa, sannan ka je ka ƙirga na yau.